Me Ya Sa Na'urar Sarrafa Wutar Matatar Ƙura Take Barin Tartsatsi Ya Tashi?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ma'aikacin sashen lantarki ne a wata masana'antar siminti, kuma bara aka mayar da ni wajen matatar ƙura ta lantarki, wadda muke kira ESP, da ke bayan tanderu. Duk lokacin da na tsaya gaban allon sashe na farko sai in ga allurar boltej tana faɗuwa tana tashi, ta karant kuma tana zabura, allon yana nuna tartsatsi wajen talatin a minti ɗaya. Na ɗauka matsala ce, sai na sauke iyakar boltej daga 62 kV (bolt dubu 62) zuwa 55 har tartsatsin ya tsaya cak. Allurai sun natsu, amma kafin a tashi aiki masu kula da bututun hayaƙi suka ce ƙura ta ƙaru. Don Allah me na'urar sarrafawa take yi a lokacin tartsatsi, me ya sa ba ta hana shi, kuma yaya zan gane saitin da ya dace?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, kana son sanin abin da ke faruwa a cikin akwatin sarrafawa daga lokacin da tartsatsi ya tashi zuwa lokacin da allura ta koma inda take, da dalilin da ya sa maƙeran na'urar suka bar ta tana yin haka da gangan, sannan da hanyar da ma'aikaci zai bambance tartsatsin lafiya da na cuta. Bari in fara kwantar maka da hankali. Tartsatsi talatin a minti ɗaya a sashen farko, a yawancin matatun da na yi aiki a kansu, alama ce ta na'urar da take yin aikinta, kuma sauke boltej ɗin da ka yi kusan kowane sabon ma'aikaci ya taɓa yin sa. Ni ma na yi shi a shekarata ta farko, na kuma sha faɗa a kansa.

Dalilin da ya sa ake matsawa har bakin tartsatsi

A cikin matatar akwai farantan ƙarfe masu tsayi da aka jera a tsaye, tsakanin kowane biyu akwai tazarar milimita 300 ko 400 a yawancin na zamani, kuma a tsakiyar kowace hanya an rataye wayoyi ko sanduna masu ƙayoyi waɗanda ake ɗora wa boltej mai yawa na ɓangaren nagatif, farantan kuwa an haɗa su da ƙasa. Idan boltej ya kai wani mataki, iskar da ke kewaye da bakin ƙayoyin takan fara karyewa a hankali, ta fitar da wani haske mai launin shuɗi-shuɗi da ake kira korona, sunan da ya riga cutar da aka sani da shi shekaru masu yawa. Daga wannan koronar ne caji yake fitowa ya manne wa ƙwayoyin ƙura, sannan filin lantarki ya ja su zuwa faranti, gudumomi su karkaɗe su su faɗa mazurari.

Abin lura shi ne boltej yana aiki sau biyu a nan. Shi yake tantance yawan cajin da ƙwayar ƙura za ta ɗauka, kuma shi yake tantance ƙarfin da zai ja ta zuwa faranti, don haka saurin tafiyar ƙura zuwa faranti yana bin boltej ne kusan ninki a kan ninki. Idan ka sauke boltej da kashi 10 cikin 100, saurin ya ragu da kusan kashi 19. Lissafin da Walther Deutsch ya fitar a 1922, wanda har yau da shi ake fara koyar da wannan fanni, ya nuna cewa ƙurar da ke tserewa tana ƙaruwa fiye da yadda saurin ya ragu. A ɗauki matata mai sassa uku da ke kama kashi 99 cikin 100. Da za a sauke boltej na dukkan sassan da kashi 10, abin da ke tserewa zai tashi daga kashi 1 zuwa kusan kashi 2.4, wato ya ninka fiye da sau biyu. Ko sashe ɗaya kawai aka taɓa, kamar yadda ka yi, lissafin yana ba da ƙarin wajen sulusi. Matata ta gaske ba ta bin lissafin nan sak, amma inda ya nuna nan take dosa, kuma shi ne abin da masu kula da bututunku suka gani.

To, tunda haka ne, ana son boltej mafi girma da tazarar za ta iya ɗauka. Matsalar ita ce wannan iyaka ba ta zama wuri ɗaya. Zafin gas yana motsa ta, danshinsa yana motsa ta, yawan ƙura da irinta suna motsa ta, bugun guduma yana girgiza waya ya motsa ta, kuma a masana'antar siminti tsayawar injin niƙan ɗanyen kaya kaɗai takan canja ta cikin 'yan mintuna. Babu wani ma'auni da zai gaya wa na'urar sarrafawa inda iyakar take a wannan sakan ɗin, sai dai ta taɓa ta. Saboda haka take hawa a hankali har tartsatsi ya tashi, ta ja da baya kaɗan, ta sake hawa. Kamar mai dafa wake ne da take son tukunya ta tafasa sosai ba tare da ta yi ta zuba ba: ba ta sanin wuta ta kai sai kumfa ya taso bakin tukunya, sai ta janye itace ɗaya, in ya lafa ta mayar. A zamanin Frederick Cottrell, wanda ya fara cin nasarar amfani da wannan fasaha a masana'anta a Kalifoniya ta Amurka wajen 1907, da shekaru masu yawa bayansa, mutum ne yake wannan aiki da hannu, yana kallon allura yana sauraron ƙarar tartsatsi. Abin da aka yi daga baya shi ne an damƙa aikin ga na'ura mai yanke shawara sau ɗari a sakan ɗaya.

Milisakan goma na farko

Irin wutar da aka fi samu a masana'antunmu ita ce ta taransfoma da raktifaya a tanki ɗaya na mai. Wuta tana shigowa daga layin 400 ko 415 bolt, ta bi ta tairisto, wato makunnan lantarki, guda biyu da aka haɗa suna fuskantar juna, waɗanda a takardun aiki za ka ga an rubuta SCR, sannan ta bi ta wani naɗin waya mai takaita karant da ake kira riyakta, kafin ta shiga taransfoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, raktifaya ta miƙar da ita, wato ta mayar da ita mai tafiya gefe ɗaya. Na'urar sarrafawa ba ta da abin riƙo sai guda ɗaya: lokacin da za ta kunna tairisto a cikin kowane rabin zagayen wuta. In ta kunna da wuri wuta mai yawa ta wuce, in ta jinkirta kaɗan ta wuce. A Nijeriya da Nijar wutarmu tana zagaye 50 a sakan, don haka kowane rabin zagaye milisakan 10 ne, a Amurka kuwa mai zagaye 60 ya zama kamar 8.3. Na ambaci wannan ne domin wasu littattafan saiti da ke zuwa da na'urori suna lissafa lokaci da yawan rabin zagaye, wasu da milisakan, kuma na ga inda aka kwafi lambobi daga wani wuri ba a lura da bambancin ba.

Halin tairisto da ya kamata ka riƙe shi ne, idan aka kunna shi ba a iya kashe shi sai karant ɗin da ke bi ta cikinsa ya sauka sifili da kansa a ƙarshen rabin zagayen. Tartsatsi kuwa ya fi tashi a daidai ƙololuwar boltej, lokacin da tairisto yake tsakiyar aiki. A wannan lokacin sashen matatar kansa tamkar babbar kafasita ce, wato ma'ajiyar caji, a cike. Sashe mai girman nanofarad 100 a kan 60 kV yana riƙe da makamashi na jul 180, kuma duk wannan yana zubewa ta siririyar hanyar tartsatsin cikin 'yan maikrosakan, abin da babu wata na'urar sarrafawa da za ta iya tarewa. Wannan ce ƙarar da kake ji kamar an karya busasshen itace idan ka kanga kunne a jikin matatar. Daga nan boltej ya faɗi kusan sifili, taransfoma kuma ta sami kanta tana zuba wuta a cikin hanyar da ta zama kamar an haɗe waya da faranti. Abin da ke tsaye tsakaninta da lalacewa a sauran milisakan ɗin nan shi ne riyakta, wanda mutane da yawa ba sa waiwayarsa. Yawanci akan so jimillar turjiyar riyakta da taransfoma ta kasance tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, ta yadda karant na tartsatsi ba zai wuce ninki biyu ko uku na karant ɗin aiki ba.

A cikin wannan ɗan taƙin ne na'urar take gane cewa tartsatsi ya tashi. Wasu suna kallon zaburar karant a ɓangaren fitarwa, wasu suna kallon rushewar boltej ta hanyar jerin razisto masu rage shi zuwa abin da za a iya aunawa, masu kyau kuma suna haɗa biyun, har da karant na ɓangaren shigarwa. Bayan ganewa sai rarrabewa, domin abu biyu ne masu kama da juna. Akwai tartsatsin da yake mutuwa da kansa da zarar rabin zagayen ya ƙare, wanda shi ne mafi yawa. Akwai kuma wanda ma'aikata ke kira ak, irin wutar da mai walda yake riƙewa tsakanin sandarsa da ƙarfe: hanyar ta yi zafi sosai har iskar cikinta ba ta warke ba kafin rabin zagaye na gaba ya iso, sai wuta ta sake bin ta, ta ci gaba da bi muddin ana ciyar da ita. Na'urar tana gane shi da cewa karant ya zauna sama, boltej ya zauna ƙasa, fiye da rabin zagaye ɗaya. Shi ne mai cin waya har ta tsinke, mai huda faranti, mai fasa tangaran da ke raba wayoyi da jikin matatar.

Kashewa, ja da baya, da hawa

Martani na farko shi ne kashewa na ɗan lokaci: na'urar ta ƙi kunna tairisto na rabin zagaye ɗaya ko biyu ko fiye, domin iskar da ta karye ta huce, gas mai wucewa ya share ta. Ga ak wannan wajibi ne, kuma yakan ɗauki zagaye da dama. Ga ƙaramin tartsatsi kuwa na'urori da yawa na zamani ba sa kashewa sam, sai dai su rage kusurwar kunnawa, wato tsawon lokacin da tairisto yake a kunne, a rabin zagayen da ke biye. Ra'ayina a nan shi ne a ba da mafi ƙarancin lokacin kashewa da zai hana tartsatsi maimaita kansa, kada a ƙara ko rabin zagaye ɗaya a kansa, domin duk milisakan ɗin da babu boltej babu korona, ƙura kuma ba ta tsayawa jira.

Martani na biyu, wanda a ganina nan ne gwanintar maƙeri take bayyana, shi ne sake cika sashen da caji. Bayan tartsatsi kafasitar nan fanko take. Idan aka kunna tairisto da kusurwar da yake a kai kafin tartsatsin, karant zai kwarara da ƙarfi, boltej ya zarce inda ake so, wani tartsatsin ya biyo baya, wani ya bi wannan, har ka ga allura tana rawa sau uku ko huɗu a jere. Idan kuma aka yi tsoro aka kunna da ƙaramar kusurwa, sai boltej ya daɗe yana rarrafe a ƙasa. Na'ura mai kyau tana lissafa bugun farko daga abin da ta auna na tartsatsan baya, ta mayar da boltej kusa da matsayinsa cikin rabin zagaye biyu zuwa huɗu. A kan osiloskof, na'urar da ke zana siffar boltej a allo, abin yana da kyan gani: layin boltej yana tafiya kamar haƙoran zarto, sai ya faɗi ƙasa tsaye, ya kwanta na milisakan 10 ko 20, sannan ya hau da taki biyu ko uku ya tsaya ɗan ƙasa da inda ya faɗo.

Wannan "ɗan ƙasa" shi ne ja da baya, martani na uku. Na'urar ba ta komawa daidai inda tartsatsin ya tashi, sai ta rage wani kaso, sannan ta fara hawa a hankali, wanda shi ne martani na huɗu. Waɗannan biyun su suke haifar da lambar da kake gani a allo. Idan an ja baya da kashi 5, ana kuma hawa da kashi 1 a kowane sakan, za a koma bakin iyaka cikin sakan 5, wato tartsatsi 12 a minti. In aka ninka saurin hawa suka zama 24. Yawancin na'urorin da suka fito tun daga shekarun 1980, lokacin da ƙananan kwamfutoci suka shiga akwatunan nan, kai ne kake ba su yawan tartsatsin da kake so, su kuma su daidaita saurin hawa da kansu don su cim ma sa. Ma'ana, talatin ɗin da ta tayar maka da hankali mai yiwuwa lamba ce da wani ya shigar da hannunsa tun ranar da aka ƙaddamar da matatar, na'urar kuma tana cika umarni ne.

Yanzu a duba abin da kowane tartsatsi yake ci. Idan kashewa da farfaɗowa sun ɗauki milisakan 60, tartsatsi 30 sun ci sakan 1.8 cikin sakan 60, wato kashi 3 cikin 100 na lokaci, domin a samu zama kusa da ƙololuwar boltej a sauran kashi 97. Wannan ciniki ne mai riba. Gas yana ratsa matata da gudun mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a sakan, don haka ƙwayar ƙura tana yin kamar sakan uku a sashe ɗaya, kuma rashin wuta na milisakan 20 bai isa ya kuɓutar da ita ba. Amma idan tartsatsi ya kai 200 a minti, kowanne yana cin milisakan 100 saboda an tsawaita kashewa, sakan 20 sun tafi, sulusin lokaci ke nan, ga lalacewar wayoyi. Tsofaffin littattafai sukan ba da shawarar 50 zuwa 100 a minti, domin na'urorin wancan zamani ba su da saurin bin iyaka. Da na'urorin yanzu ni na fi zama tsakanin 10 zuwa 30 a sassan gaba, ƙasa da haka a sashen ƙarshe, saboda duk ƙurar da tartsatsi ya tayar daga faranti a sashen ƙarshe babu wanda zai sake kama ta, bututu za ta nufa. Sashen farko kuwa dole ya fi kowa tartsatsi, domin tarin ƙura mai caji da ke shawagi a cikinsa yana danne karant ya tura boltej sama. Sashen ƙarshe sau da yawa yakan kai iyakar karant ɗinsa ba tare da ya yi tartsatsi ko ɗaya ba, kuma wannan ma daidai ne.

Inda na'urar take ruɗuwa

Akwai yanayi biyu da lambobin allo suke yaudarar mutum. Na farko shi ne tartsatsin ƙarya. Na taɓa zuwa wata masana'anta inda sashe ɗaya ya maƙale a ƙaramin boltej na makonni, allo yana ƙirga tartsatsi ba ƙaƙƙautawa, har an shirya tsayar da tanderu don a shiga ciki. Da na jingina kunne a jikin matatar ban ji komai ba, da muka ɗora osiloskof kuma layin boltej bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ashe rigar kariyar kebul ɗin da ke kawo saƙon karant ce ta kwance daga ƙasa, hayaniyar lantarki daga sashen da ke maƙwabtaka tana shiga, na'urar tana jin tartsatsin maƙwabci tana ja da baya. Ɗaure ƙusa ɗaya ya warware abin. Kishiyar wannan ta fi haɗari: idan aka dushe jin na'urar da yawa, tartsatsi na gaske yana tashi ba ta gani, tana ci gaba da tura wuta, sai a wayi gari waya ta tsinke ta kwanta a kan faranti.

Na biyu shi ne koronar baya, kuma a siminti ita ce babbar damuwa. Karant ɗin korona dole ya ratsa ƙurar da ta taru a faranti kafin ya isa ƙasa. Idan ƙurar tana da turjiya mai yawa, daga wajen 10¹¹ om-santimita zuwa sama, boltej yana taruwa a cikin kaurinta. Da turjiyar 10¹² da karant na miliamfiya 0.2 a kowace murabba'in mita, filin da ke cikin ƙurar ya kai 20 kV a santimita, wanda ya isa ya karya iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta. Daga nan farantin da kansa ya fara fitar da caji na fozitif, yana warware cajin da wayoyi suka ɗora wa ƙura. A matakin farko za ka ga tartsatsi yana tashi a boltej ƙasa da wanda aka saba. Idan abin ya yi tsanani kuwa tartsatsi yakan ɗauke gaba ɗaya, karant ya hau har iyaka, boltej ya tsaya ko ma ya sauka, allurai su natsu kamar komai lafiya, bututu kuma yana aman ƙura. Na'urar da ke farautar tartsatsi kawai za ta yi ta ƙara wuta tana ƙara ɓarna. Masu wayo suna lura da mafi ƙanƙantar boltej a tsakanin bugu da bugu, in suka ga yana sauka alhali karant yana hawa sai su koma ba da wuta da tsallake: a kunna rabin zagaye ɗaya cikin uku, ko biyar, ko bakwai. Ana zaɓar mara ne domin bugun ya riƙa sauya ɓangare, kada ƙarfen taransfoma ya cika da maganaɗisu ta gefe ɗaya. Amma maganin asali yana wajen hasumiyar fesa ruwa, wadda take sauke zafin gas daga sama da digiri 300 zuwa wajen 150 ta kuma ƙara masa danshi. In bakunan feshi sun toshe, musamman lokacin da injin niƙa ya tsaya, babu saitin da zai maye gurbinsu.

Abin da saiti ba ya gyarawa

Tartsatsi yana tashi ne a wuri mafi kusanci a cikin sashe gaba ɗaya, don haka waya ɗaya da ta karkata da 'yan santimita ta isa ta sauke boltej na dubban wayoyi. Alamar wannan ita ce tartsatsin da ke tashi a boltej guda kullum, ƙasa da na sassan da ke kusa, ko gas ya canja ko bai canja ba. Idan aka shiga ciki da fitila akan sami wurin: wani ɗan fili a faranti da ya yi fari fes, cike da ƙananan ramuka kamar an tsattsaga shi da allura, daidai inda waya ko firam ya matso. Mazurarin da ya cika har ƙura ta taɓa ƙasan firam yana yin haka, tangaran ɗin da ya yi datti ko ya tsage ma haka, kuma a jikinsa za ka ga baƙin layi mai rassa kamar jijiyar ganye. Tangaran sun fi ba da wahala da damina da kuma lokacin tayar da tanderu, idan hitocinsu ko iskar da ke share su sun daina aiki, raɓa ta kwanta a kansu. Idan boltej ya kasa tashi sama da wani ƙaramin mataki na wasu sakanni, na'urar takan yanke wutar sashen gaba ɗaya, kuma kada a yi ta mayar da ita ba a bincika ba. Haka nan yankewar da ake yi idan iskar kabon monoksaid ta hau a gas ɗin tanderu ba ta cikin abubuwan da ake taɓawa, domin a wannan hali tartsatsi ɗaya yana iya tarwatsa matatar.

Akwai sabon nau'in wuta da ke aiki da dubban zagaye a sakan ta hanyar taransisto masu iya kashewa a kowane lokaci. Waɗannan suna yanke wuta cikin maikrosakan kaɗan bayan tartsatsi, boltej ɗinsu kuma kusan miƙaƙƙe ne, don haka matsakaicinsa yana kusantar ƙololuwa. Suna taimakawa sosai, amma cajin da ke cikin sashen yana zubewa kamar yadda ya saba, kuma karkatacciyar waya tana nan a karkace.

Da ni ne a wurinka, zan fara da mayar da iyakar boltej inda take, in rubuta a littafin aiki. Sannan a ranar da tanderu ya daidaita zan ɗauki jadawalin boltej da karant na kowane sashe, ina hawa mataki-mataki daga farkon korona har tartsatsi, sau ɗaya injin niƙa yana aiki, sau ɗaya yana tsaye, in ajiye su kusa da wanda aka ɗauka da iska zalla bayan babban gyara na ƙarshe, in akwai shi. Bayan haka abu ɗaya kawai zan riƙa canjawa a lokaci guda, ko lokacin kashewa, ko ja da baya, ko yawan tartsatsi, in jira aƙalla gudumomi su kammala zagayensu sau biyu ko uku, kuma alƙalina shi ne matsakaicin kV da ma'aunin duhun hayaƙi a bututu, domin natsuwar allura ba ta kama ƙura. Lambobin da na kawo a sama na misali ne da na abin da na saba gani, saitin matatarku kuwa sai an tsaya a gabanta da osiloskof da littafin maƙerinta, kuma inda littafin ya saɓa da ni shi za ka bi. In har bincike ya kai ga buɗe ƙofa, a bi tsarin mukullan tsaro a jere, a rataya sandar da ke zubar da caji zuwa ƙasa a kan firam kafin kowa ya sa ƙafa, domin sashen yana iya riƙe caji bayan an kashe wuta. Idan ka ɗauki jadawalan nan, ka aiko su tare da bayanan da ke jikin farantin taransfoma da na riyakta, mu duba su tare.